Rumbu Ya Yi Albarka

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Jiya ina zaune can bayan ƙofa na ji ɗayanku, ba zan nuna shi ba, yana cewa wai aikin da tsohon nan ya yi shekara da shekaru, sa wa bayani nau'i, aikin banza ne, yanzu na'ura ke gane komai da kanta. Wai ka ja akwati da yatsa, ka liƙa shi jikin ɗan'uwansa, layi ya yi kore, shi ke nan sai shan shayi. Madalla da kai. Ni ma na taɓa tunanin haka, rana ɗaya tak, kuma saboda wannan rana wani gari da ke can bayan Tabla ya ga ruwan shuka ya sauka alhali babu iri ko tiya guda a hannun mutanensa. Zan kira shi Garin Kalgo, amma ba sunansa ke nan ba. Labarinsa nake son ba ku, amma sai kun fara sanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane inda na yi ɓarnar ba.

Ni ba ɗan babbar makaranta ba ne. Nan Filinge na gama koleji, anka ɗauke ni aikin duba ma'aunin ruwan sama: in an yi ruwa in je in auna, in rubuta a littafi. Ina nan a haka, a zamanin soja, wani furoje, wato shirin taimako na Turawa, ya zo da niyyar ya riƙa hango yunwa tun tana nesa. Sunka kawo ordinatar guda, wato kwamfuta, sunka kawo wata injiniya daga Yamai, Madam Zalika, Bazabarma ce, gajera mai tabarau, Hausarta na ɗingishi amma idonta ba ya barin komai. Ana neman wanda zai riƙa shigar da takardun da masu zagaya ƙauyuka ke kawowa, anka ce ga wani mai kyan rubutu. Haka na shiga, ko kunna na'urar ban iya ba.

Abin da ke cikinta lissafi ne da anka gina akwati-akwati. Akwatin ruwa ya karɓi yawan ruwan da ya sauka, ya fitar da damshin ƙasa. Akwatin gona ya karɓi damshin da ranar shuka, ya faɗi dami nawa ake sa ran ɗaurewa. Akwatin rumbu ya karɓi abin da ke ajiye da yawan bakunan da ke ci a gida, ya faɗi wata nawa hatsin zai kai su. Na ƙarshe shi ne mai jera garuruwa, wanda ya fi shiga uku shi ne a sama. Wannan jerin manya ke dubawa in za a aika motocin hatsi da iri. Kowane akwati da bakin shiga da bakin fita, kuma ba mutum ɗaya ya ƙera su ba, wani yana Yamai, wani yana wata ƙasa, ba su ma taɓa ganin juna ba. To me zai sa maganar wannan ta shiga kunnen wancan? Nau'i. Da Hausarmu iri za mu ce, amma tun da akwai irin shuka cikin labarin nan, bari in riƙe nau'i kada ku rikice. Nau'i alkawari ne da ke rubuce a bakin kowane akwati: abin da zai fita nan lamba ce, kuma lambar kilo ce, abin da zai shiga can kwanan wata ne, ba wani abu ba. Kamar tiya a kasuwa, mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba, amma dukansu sun san tiya. In baki biyu sun dace, layin da ya haɗa su ya yi kore. In ba su dace ba ya yi ja, na'ura ta kafe, ko kuka za ka yi mata ba ta motsi.

Aikin farko da Madam ta ba ni ba na na'ura ba ne. Wata guda cur ba ta bar ni na taɓa maɓalli ba. Ta ajiye mini farar takarda ta ce, "Ƙanena, mece ce gona?"

Na yi dariya na ce, "Haba Madam, inda ake noma mana."

"Na'ura ba ta san noma ba. Faɗa mata abin da ke cikin gona, ɗaya-ɗaya, kowanne da nau'insa."

Sai munka fara. Mai gona, suna ne, wato rubutu. Girmanta lamba ce, amma sai ka faɗi lambar me. Ƙasarta zaɓi ne cikin uku, jigawa, fadama ko fako, ba na huɗu. Duka wannan in ka ɗaure wuri ɗaya, sunansa gona. Gida kuma yana ɗauke da jerin gonaki da jerin mutane, gari yana ɗauke da jerin gidaje, ƙwarya cikin ƙwarya. Da munka zo kan ranar shuka ta rubuta kwanan wata guda ta wuce. Na yi ta kallon wurin har ta ce lafiya? Na ce, "Madam, wace ranar? Mu nan muna binne, mu zuba iri a busasshen rairayi tun ruwa bai zo ba. In ruwan ya yi kaɗan iri ya ruɓe, mu sake. Wata shekara sau uku, wata sau huɗu."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wannan ka sani kake zaune shiru?"

Ranar ta rushe abin da anka yi watanni ana ginawa a Yamai. Ta maida ranar shuka jeri, kowace shuka da ranarta, da kuma ko binne ce ko ta bayan ruwa. Duk akwatin da ke jiran kwanan wata guda ya yi ja, sai da anka bi su ɗaya bayan ɗaya anka gyara. Mutanen Yamai sunka yi ta faɗa a waya. Ta ce musu jan nan ai shi ne amfanin abin, tun da ya nuna mata duk wurin da ke son gyara, ba a manta da ko ɗaya ba.

Kayan aikinmu kuwa, kai, ba a cewa komai. Wuta ta zo ta ɗauke ba sallama, sai a tada injin bayan ɗaki, shi kuma in ya ga dama ya yi tari ya mutu kana tsakiyar aiki. Abin da muke adana bayani a ciki wasu 'yan faifai ne, disket, da zafi ke lalatawa, har na koyi naɗe su a tsumma in sa a gindin randa inda ke da sanyi. Injin buga takarda in ya fara ƙara, akuyoyin da ke tsakar biro, wato ofishinmu, sai sun gudu. Gara ta taɓa cinye mana takardun damina guda na yankin Imanan, ta bar mana bangon kawai. Ku yanzu in waya ta yi jinkirin minti ɗaya sai ku fara tsaki.

Na tuna wata rana sufurefe, wato mai mulkin gundumarmu, wani kapiten ne na soja a lokacin, ya aiko soja tun da hantsi. Baƙi za su zo daga Yamai, yana son yawan hatsin da ake sa ran samu a ƙasarmu ta Kurfai kafin azahar. Sabon akwatin da anka aiko mana kilo yake so, namu kuwa dami yake fitarwa. Layi ya yi ja. Na ce, "Madam, dami lamba, kilo lamba. Mu gaya mata duk lamba ce ta bar mu mu wuce." Ta yi mini wani kallo har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce damin ina, na Tabla ko na Bonkuku? Gaskiya ta faɗa, don damin wani wuri sai ƙato ya yi nishi yake ɗaga shi, na wani wuri kuwa mace na ɗauka da goyo a bayanta. Ta sa anka nemo dami na nan da na can wurin masu kawowa kasuwa, mata sunka sussuka a bayan biro, munka auna. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, sai ga kapiten da kansa, takalminsa na ƙara.

"Ke da na'urar nan, wa ke ba wani oda?"

"Kala suru, mon kapiten," in ji ta, wato sai haƙuri. "Ita ba ta san galon kafaɗar soja ba, shi ya sa na yarda da ita. Wace lamba ka fi so, wadda za ka faɗa yau, ko wadda ba za ka ji kunyarta ba bayan girbi?"

Ni dai na riga na fara tunanin wa zai gaya wa iyalina inda anka kai ni. Kapiten ya tsaya, ya leƙa ta taga ya ga mata na sheƙe hatsi a bayan biron gwamnati, ya ƙyalƙyale da dariya ya fita. Washegari da safe munka kai masa lambar. Tun daga ranar dami ya zama nau'i mai tafiya da sunan wurinsa, kuma ba ya zama kilo sai ya bi ta wani ɗan akwati da ya san nauyin damin kowane yanki.

Shekara huɗu muna tare. Da anka sake juyin mulki, Turawan furoje sunka naɗe tabarmarsu, Madam ma anka kira ta Yamai. Ta bar mini makullin ɗaki da wani littafi mai baƙin bango inda ta rubuta kowane nau'i da dalilinsa. Na raka ta tasha, tana cikin mota ta leƙo ta ce, "In ta yi ja, tambaye ta dalili. Kada ka rufe mata baki." Na ce to. Na zauna ni kaɗai da na'ura, kuma ba yabon kai ba, na riƙe aikin da kyau. Ni na gano cewa gari guda na shigowa sau uku, don Bahaushe da sunan da yake kiransa, Bazabarme da nasa, Buzu da nasa, na ba kowane gari lamba ɗaya da jerin sunayensa a ƙarƙashi. Ma'aikatan noma su zo, na kiwo su zo, kowa da irin tambayarsa, har anka fara kirana likitan ordinatar. Kan mutum kuwa in ana yaba shi, girma yake yi ba ya sani.

Cikin masu zagaya ƙauyuka akwai Arzika. Ya girme ni, tsohon malamin yaƙi da jahilci ne, yana yawo a kan wani babur da sai an tura yake tashi. Halinsa guda: abin da mutum ya faɗa shi yake rubutawa, ba ƙari ba ragi. A takardar tambayar akwai gurabe biyu maƙwabtan juna. Na farko halin gona, zaɓi ne cikin uku: wadata, matsakaici, ƙaranci. Don sauƙi na ƙera masa wani ɗan akwati da nake kira tafinta, ya duba maganar manomi ya zaɓa. In ya ga "albarka" ko "ta yi kyau" ya ce wadata. In ya ga "dama-dama" ya ce matsakaici. In ya ga "babu" ko "ta ƙone" ya ce ƙaranci. Shekaru yana aiki lafiya lau. Na biyu halin rumbu, shi kuwa Madam ta ɗaure shi tamau: lamba kawai, dami nawa ya rage. To kun san mutanenmu. Wane magidanci ne zai ƙidaya wa baƙo abin da ke cikin rumbunsa? Sai takardu su dawo da "sai godiya", "da sauƙi", "muna nan dai". Na'ura ta tofar da su, ni kuma in maida mutum ƙauye ya je ya lallaɓa har ya samo lamba. Suna zagina, ina haɗiyewa.

Sai shekarar da fara ta sauka. Lokacin farar hula sun dawo kan mulki, furoje ya dawo da sabon suna da sabon shugaba, wani matashi mai kirki, sai dai kullum waya na kunnensa. Ruwa ya ɗauke da wuri, abin da ya tsira fara ta zo ta gama da shi. Kafin bazara ta yi nisa mutane sun fara cin irin da sunka ajiye na shuka. Anka ce za a aiko da hatsi da iri, amma ba zai isa kowa ba, a fitar da jeri cikin mako guda. Saurin na da dalili, don iri in ya iso bayan an gama shuka, ba iri ba ne kuma, tuwo ne. Takardu sunka taru. Waɗanda na'ura ta ƙi sun kai kamu biyu a kan tebur, duk saboda gurbin rumbu, don shekarar ba mai son buɗe baki ya faɗi lamba. Ba lokacin maida kowa ƙauye. Shugaba ya leƙo da safe, ya leƙo da rana, yana kirana Tonton, wato kawu: "Tonton, Yamai na jira."

Ran na biyar, bayan azahar, dabara ta zo mini, irin wadda Shaiɗan ke kawo wa gajiyayye. Na ce gona hatsi, rumbu hatsi, ina bambancin? Na buɗe bakin akwatin rumbu na ce ya karɓi lamba, in babu lamba ya karɓi halin nan mai uku na gona, na jona masa tafinta. Layi ya yi ja, yana gaya mini halin gona daban, halin rumbu daban. Na goge sunayen, na kira su duka "hali". Ya yi kore. Kafin la'asar sakaliya tulin nan ya shige kaf, ko takarda ɗaya ba ta tofar ba. Shugaba ya rungume ni, ya ce tsohon hannu daban ne. Wallahi na ji daɗi, na koma gida ina taku kamar an naɗa ni sarauta. Anka sa wa jeri hannu, motoci sunka zo, sunka bi shi tun daga sama har inda kaya ya ƙare.

Bayan kamar kwana goma, ranar kasuwa, Arzika ya faɗo biro ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai, mi mutanen Garin Kalgo sunka yi maka?"

Na ce, "Lafiya, yaya?"

"Ina lahiya! Motoci sun wuce ta gabansu sau biyu, sun sauke ma maƙwabtansu, su ko buhu guda. Garin da na gani da idona mata na jiƙa anza!"

Anza, ga wanda bai sani ba cikinku, 'ya'yan wani itace ne masu ɗacin tsiya, sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ba a komawa gare su sai abu ya kai maƙura. Na buɗe na'ura. Garin Kalgo na can ƙasan jeri, cikin masu wadata. Na zaro takardunsa, na ga rubutun Arzika ne, sai na samu ƙarfin gwiwa. Na ce, "Yaya, kai ka rubuta da hannunka. Ga shi nan, gida bayan gida, magana ɗaya. Ni me zan yi?"

Bai karɓi takardar ba. Ya ce, "Karanta min. Da bakinka, da ƙarhi."

Na ɗaga murya na karanta: "Rumbu ya yi albarka."

Tana fita bakina ta shiga kunnena. Na nemi kujera na zauna.

Ku 'yan birni, wataƙila wasunku ba su taɓa ji ba. A wurinmu ba a cewa abinci babu. In gishiri ya ƙare, ko tuwo, ko hatsi, sai a ce ya yi albarka. Gona in ta yi albarka, ta ba da hatsi. Rumbu in ya yi albarka, an share ƙasansa. Mutanen Garin Kalgo kuwa da yawansu na kan al'adar kakanni, sun fi kowa riƙon wannan, don a ganinsu wanda ya ce babu a bakin rumbu ya kira ta ta zauna. Sun faɗi gaskiya tsantsa, Arzika ya rubuta gaskiya tsantsa, tafintan da na ƙera ya ga "albarka" ya sa su cikin masu wadata. Kuma ni na san maganar nan tun ina rarrafe. Sai dai kwana biyar na yi ina bin takardu da ido kawai, ban furta ko ɗaya ba. Na'urar ma ta gargaɗe ni, ni na rufe mata baki.

Na tafi wurin shugaba na faɗa masa komai. Ya dafe kai. Irin farko an rabe shi kaf. Akwai mota ta biyu da ake sa rai, amma sai an rubuta wa Yamai dalilin da zai sa a taɓa jerin da manya sunka sa wa hannu. Ya ce, "Tonton, rubuta kuskuren na'ura ne. Na'ura ba a korarta." Don ya rufa mini asiri ya faɗa, Allah ya saka masa. Ni kuma ina da iyali. Na rubuta hakan, na sa hannu.

Kwana uku na yi ina gyara. Wannan nau'in rumbu mai fuska huɗu da kuke ƙorafin yana ba ku wahala, a kwanakin nan anka haife shi. Ko dai lamba ce, ko babu ko dami ɗaya, ko ba a samu an tambaya ba, ko kuma an faɗi magana sai mutum ya duba. Duk akwatin da zai karɓi rumbu dole ya faɗi abin da zai yi da kowace fuska, in ya tsallake ɗaya layi ya yi ja. Mai jera garuruwa kuwa ba ya fitar da jeri muddin akwai magana guda da ɗan Adam bai karanta ba. Na raba halin gona da halin rumbu, ko sun yi kama kamar Hasan da Husaini ba sa shiga bakin juna. Da na sake bin takardun, wannan karon ina karantawa a fili kamar ɗan firamare, na samu wasu garuruwa uku da abin ya shafa. Su suna bakin hanya, masu garinsu sun riga sun zo sun tada jijiyar wuya an ɗan ba su. Garin Kalgo na can cikin tudun rairayi, kuma babbansu ba mai zuwa ƙofar biro roƙo ba ne.

Kowace safiya in fito in dubi gabas. Ni da na fara aiki da murnar ganin ruwa a ma'auni, na koma ina roƙon Allah ya ɗan jinkirta shi, in kuma tuna da sauran talakawa in yi istigfari. Ruwa bai jira Yamai ba. Ya sauka, mai kyau, na shuka sosai. Mota ta biyu ta iso bayansa da kwana ashirin da wani abu. Bari in gaya muku tun yanzu kada ku sa rai: damina ba ta ja ba, abin da sunka shuka a makare kara ya yi da ɗan abin da ba a rasa ba. Gidaje da dama sun tashi shekarar, wasu har yau ba su koma ba.

Na ce sai na bi motar. Shugaba ya ce ba aikina ba ne, na ce na sani. Ni da Arzika munka hau bisa buhuna. Muna tafe gonakin maƙwabta hatsi ya wuce idon sawu, kore shar. Muna hawa tudun Garin Kalgo sai farin rairayi, an share gonaki tas an yi ta jira, nan da can 'yan layuka inda wani ya samo ɗan iri wurin dangi. Maza masu ƙarfi kusan duk sun tafi neman abin kai wa baka. Tsofaffi da mata sunka fito sunka tarbe mu, ba wanda ya ɗaga mana murya. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Arzika ya kai ni wurin sarkin nomansu, Baba Dari, tsoho tukuf, yana zaune a inuwar rumbunsa. Ya sa anka kawo mana ruwa a ƙwarya, yana ba mu haƙuri wai ba fura. Anka kwance buhu guda a gabansa, ya ɗebi iri a tafin hannu, ya tauna ƙwaya ɗaya.

"Mai saurin nuna ne," in ji shi. "In Allah ya ja damina, a samu na kunu. Mun gode, kun sha hanya." Sannan ya juyo wajena. "An ce kai ne mai ƙarhen nan da ke rubuta garuruwa."

Na ce ni ne. Bai tambaye ni komai ba, bakina ne ya yi gaba. Na ce, "Baba, ku gafarce mu, na'ura ce ta yi kuskure. Ba ta jin Hausa. Ta ga albarka ta ɗauka kun wadata. Da an ce mata babu kai tsaye, da tuni kun yi shuka."

Na ga Arzika ya sunkuyar da kai. Tsoho ya juya irin a hannunsa, ya ce, "Ɗan wa kake?"

Na faɗi sunan mahaifina da unguwarmu. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san kakana, sun sha haɗuwa wurin gayya, mutum ne mai hannu a noma. Da ya ci gaba da magana babu faɗa a muryarsa ko kaɗan, kamar ma shi ke lallashina.

"To ɗana, ni ban ga laihin ƙarhe ba. Baƙo ne, bai sha nonon Kurhwai ba, ina zai sani? Mu dai Arzika ya ce muna akwai ɗan gida zaune kusa da shi. Shi ya sa munka yi magana irin ta gida."

Ya miƙa hannu anka ba shi tiya, ya fara auna wa mata iri.